Bangon Kicin ɗin Habibu

Nura, Bilki, Aminu, wannan babin naku ne fiye da sauran, don ku kuka fi damuna da tambaya a kansa. Kun taso kuna jin cewa ni da Baffanku Habibu mun saɓa a Riyad a kan gyaran kicin, ya wulaƙanta ni, daga baya ya ba ni haƙuri a gaban jama'a, ni kuwa na riƙe shi a rai har ya koma ga Allah. Mahaifiyarku ma abin da ta sani ke nan, kuma in tana ba ku labarin sai ta ƙara da cewa ai babanku dama akwai riƙo. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi zan rubuta yanzu tun hannuna yana iya riƙe biro.

Habibu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba shi. Da mahaifinmu ya rasu a Ringim, ni na ajiye makaranta na kama aikin kafinta, shi ya ci gaba da boko. Ba don gori nake faɗa ba, ko da yake, me zan ɓoye muku, a zuciyata na yi gorin ya fi a ƙirga. Na riga shi zuwa Saudiyya da shekaru masu yawa. Ina aiki a warsha, wato wani ƙaramin shagon haɗa kicin na alminiyam a bayan unguwar Batha, ƙarƙashin kafilina, wato wanda ya tsaya min a takardun zama, wani dattijon Balarabe da ba ya leƙo mu sai an ga wata. Habibu ya zo daga baya da takardunsa a jaka, ya samu aikin akawu a ofishin jakadancinmu. Wata uku ya yi a ɗakina, shi a katifa ni a tabarma. Da ya tsaya da ƙafafunsa ya koma gida ya auro Hadiza, ya kama gidan haya a unguwar Suwaidi, hawa na biyu.

Ku da ba ku zauna can ba, ba ku san cewa gidan haya a Riyad galibi ba ya zuwa da kicin ba. Ɗaki ne kawai za a nuna maka, bango huɗu, bakin famfo, da ramin ruwa a ƙasa. Sauran kai za ka nemo. To, kicin ɗin farko na gidan Habibu ni na haɗa shi, shi ne gudummawata ta biki. Ni kuwa ina da yadda nake aiki, wanda Larabawa suke min dariya a kai: ba bango nake fara aunawa ba, mai girkin nake fara sani. Me ake dafawa, da wace tukunya, a tsaye ko a zaune? Hadiza matar ƙanena ce, akwai kunya tsakaninmu, ba zan tsaya ina yi mata tambayoyi ido da ido ba. Sai na aika Habibu. Ita kuma mace mai hankali, sai ta ɗauko babbar tukunyarta ta tuwo da muciya da turmi ta ajiye a bakin ƙofa ta koma ɗaki. Daga nan na gane komai. Na yi mata murhun gas na ƙasa daidai gwiwa, don tuwo ba a tuƙa shi a kan abin da ya kai cibiya. Na zuba kankare mai kauri a lungu ɗaya don turmi, kada ta fasa tayil ta tara wa kanta faɗa da maƙwabtan hawa na ƙasa. Kowane kabad na ɗora shi a kan ƙafafun alminiyam, don na san da bokiti za a riƙa wanke ƙasan nan.

Sai kuma bango. Duk ɗakin da na shiga, kafin in fito da ma'auni sai na bi bangonsa ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Uku daga bangon kicin ɗin nan sun amsa min da nauyi. Na hagu, wanda ya raba kicin da ɗakin ajiya, sai ya amsa kamar garwar da ba ruwa. Siririn bulo ne mai rami, mai gidan ya ƙara shi daga baya don ya samu ɗaki. Ban rataya ko cokali a jikinsa ba. Kanta na yi mai hawa huɗu wadda ta tsaya da ƙafafunta a ƙasa, a nan Hadiza ta jera tangaran ɗin da mahaifiyarta ta haɗo ta da su, da kuloli, da faranti na baƙi. Shekara goma sha ɗaya kicin ɗin nan yana aiki. Shekara goma sha ɗaya kuma duk Juma'a bayan masallaci a gidan nake cin tuwo, har 'ya'yansu sun san kujerar da ba a zama a kanta in na kusa zuwa.

Shekarar da aka tsananta binciken iƙama, wato takardar izinin zama, abubuwa suka canja mana. A da in mutum ya san ka sai ya kira ka gidansa ka yi masa aiki, ku shirya tsakaninku. Yanzu kowa tsoro yake, mai aiki da mai ba da aiki. Warsha ta yi sanyi. Kafilinmu ya je ya ƙulla da wani babban kantin kayan gida, irin waɗanda in ka shiga sai ƙafarka ta gaji ba ka ga ƙarshensu ba, cewa mu ne za mu riƙa zuwa gidajen mutane muna kafa musu kicin ɗin da suka saya. Aka ba mu riguna masu tambarin kanti. Ni da nake mu'allim, wanda ake zuwa neman shawararsa, na koma mai buɗe kwali da bin zane. A kantin nan kicin-kicin ne jere cikin sanyin na'ura, ga fitilu, ga lemon roba a cikin kwano, babu wanda aka taɓa soya albasa a cikinsa. Wani ɗan gaye mai lakataye zai zaunar da kai gaban kwamfuta, kafin shayinka ya huce ya zana maka kicin, shi da ko ƙwai ban tabbata ya iya dafawa ba. Amma kada in zalunce su. In sun ce Talata, Talatar suke zuwa, mu kuwa ƙananan masu aiki in muka ce gobe in sha Allahu, sai mutum ya shirya jiran mako. Suna ba da takarda, mu bakinmu ne takardarmu. Abin da ba su da shi ɗaya ne: wanda suke aikowa awo tsawo da faɗi kawai yake rubutawa, ba ya ƙwanƙwasa bango, ba ya tambayar me ake dafawa.

Wata Juma'a muna cin abinci Habibu ya ce min yana son canja kicin. An ƙara masa girma a wurin aiki, matan abokan aikinsa sun fara zuwa gidan, alminiyam ɗin kuma ya dushe. Wallahi daɗi na ji. Na ajiye loma na fara zuba, ina cewa yanzu akwai sabon alminiyam mai kalar katako, zan sa mata mabul a sama, zan matsar da wurin wanke-wanke kusa da taga. Ya bar ni na yi ta magana har na lura idonsa yana kan kwano. Sannan ya ce:

"Yaya, ai an riga an gama. Mun je kanti ni da Hadiza, an zana mana. Ka san yanzu yadda gari yake, gara abin da ke da takarda da garanti."

Na tambaye shi wane kanti, ya faɗa. Kantin da nake sa rigarsa ne, amma shi bai sani ba, don kunya ta hana ni faɗa wa kowa cewa na koma mai buɗe kwali. Na ce masa katakon nan nasu garin katako ne aka matse, ba ya shiri da ruwa, kuma ba su san girkinmu ba. Ya yi 'yar dariya ya ce ai duniya ta ci gaba, injiniyoyi ne suka zana, ba aikin a-ƙwanƙwasa-a-ji ba ne. Na wanke hannu, na yi musu sallama da wuri, na ce kaina ke ciwo.

Bayan mako uku takardar aiki ta iso warsha, na ga unguwa, na ga lambar gida. Abokin aikina Abdurrahim, wani Basudane sa'ana mai yawan shiru, ya san gidan don ya taɓa raka ni. Ya ce in zauna, zai tafi da wani. Da na ji maganarsa da yanzu ba wannan babin nake rubutawa ba. Amma zuciya ta ce min je ka, bari ya ga wa kantin nasa mai injiniyoyi yake aikowa. Na sa rigar, na ɗauki akwatin kayan aikina, muka tafi.

Da Habibu ya buɗe ƙofa ya gan ni cikin rigar nan, fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda ya haɗiye ƙashin kifi. Muka gaisa sama-sama. Ranar farko aikin rushewa ne, kuma ni na kwance kicin ɗina da hannuna, ƙusa bayan ƙusa. Ko ɗaya ba ta yi tsatsa ba. Murhun ƙasa muka fitar, kantar tangaran muka fitar, aka jibge su a bakin titi. Hadiza ta gaishe ni daga bayan ƙofa kamar yadda ta saba, ta turo mana kunun gyaɗa da ƙosai. Daga muryarta na gane ba ta ji daɗin yadda abin ya zo ba, amma ba ta da ta cewa.

Rana ta biyu Asabar ce, ba aiki a ofis. Da hantsi wani babba a wurin aikin Habibu ya zo, sabon zuwa ne daga gida, shi ma yana son ya sa kicin, ya zo ganin yadda na Habibu zai kasance. Suka shigo suna ta yaba kalar ƙofofi. Ina durƙushe ina daidaita ƙafar wani kabad, na ɗago na yi masa barka da zuwa. Mutumin ya yi mamaki, ya juya wurin Habibu ya ce ashe Bahaushe ne, ina aka samo shi? Ina kallon bakin Habibu. Na ga lokacin da ya buɗe shi, na ga lokacin da ya canja abin da zai faɗa.

"Ɗan garinmu ne, ranka ya daɗe. Mutumin kirki ne, ya daɗe a nan."

Ɗan garinmu. Ni da na goya shi a bayana na kai shi asibitin Ringim lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi. Baƙon ya ce madalla, Allah ya taimaka, ya zaro takardar kuɗi ya cusa min a aljihun riga, ya ce in sha ruwa. Habibu yana tsaye yana duban silin. Suka fita suka koma falo, ina jin dariyarsu. A rayuwata an zage ni da Larabci, an zage ni da harsunan da ban ma san sunansu ba, babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan.

Abin da ya rage a aikin shi ne kabad na sama. Zanen ya sa guda uku a jere, haɗe da juna, a bangon hagu. A cikin kwalin akwai 'yan gajerun ƙusoshi da robobin da ake cusawa a rami kafin a ɗaura su, waɗanda suka isa in bango na kirki ne. Abdurrahim ya ƙwanƙwasa bangon, ya saurara, ya sake ƙwanƙwasawa, ya dube ni.

"Ya Abu Nura, wannan bangon fanko ne. Dogayen noti suna mota, bari in sauka in ɗauko."

Ya yi gaskiya. Irin wannan bango in dole sai an rataya abu a jikinsa, huda shi ake yi har ɗaya gefen, a zura dogon noti, a tare shi da faifan ƙarfe ta cikin ɗakin ajiya. Aikin rabin sa'a ne, kuma kayan suna cikin motarmu a ƙasa. Na fi shi sanin bangon nan, ni na fara jin muryarsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na ce masa:

"Bar shi. Yadda aka zana haka za mu yi. Injiniyoyi ne suka zana."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya ɗauki injin huda bango. Muka rataya su da 'yan ƙusoshin kwali. Na kama gindin kabad ɗin na ja, ya tsaya cak, na ce wa zuciyata ai ga shi ya riƙe. Ina so ku fahimci abin da ke raina a lokacin, ba don ya wanke ni ba. Ban yi nufin kowa ya ji ciwo ba. Abin da na hango shi ne bayan 'yan watanni kabad zai fara rinjaya, ƙofa ta ƙi rufuwa, bango ya tsage, Habibu ya kira kantinsa su yi ta yi masa yawo da hankali, a ƙarshe ya zo warsha da ƙafarsa ya ce Yaya taimaka. Wannan kawai nake so. Amma na san abin da za a zuba a ciki. Mai zanen kofunan shayi ya hango, ni kuwa na san tangaran ɗin Hadiza, don ni na taɓa yi musu mazauni, na san nauyinsu a hannuna.

Allah bai bar min hujja ba, sai da ya ba ni dama ta biyu. Muna tattara kaya bayan la'asar, Hadiza ta zo bakin ƙofa, ta tsaya daga gefe yadda ba za mu haɗa ido ba, ta yi mana sannu da aiki. Sannan ta ce:

"Yaya, na saman nan za su ɗauki kwanukan Inna kuwa? Na ga da a ƙasa ka sa min su."

Ita da ba ta taɓa riƙe ma'auni ba ta lura. Kalma ɗaya ta ishe ni. Sai na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar matar ƙani, na fake da al'ada, na ce ta tambayi maigidan, shi ke da takardar kanti. Ta ce to, Allah ya saka da alheri. Habibu ya sa hannu a takardar kammala aiki a tsaye a bakin ƙofa, ya ce min sai Juma'a. Ban je Juma'ar ba, ban je ta bayanta ba.

Wata bakwai ban taka Suwaidi ba. Ya kira ni sau biyu ko uku, na ce aiki ya yi yawa. Ina zaune ina jiran ranar da kabad zai rinjaya. Bai rinjaya ba. Cikin azumi, wata rana da yamma, Hadiza ta miƙa hannu za ta sauko da faranti don baƙin buɗa-baki, duka ukun suka taho gaba ɗaya, da bulon da ke bayansu. Ta kare kanta da hannun dama. Wuyan hannun ya karye wuri biyu, kafaɗa ta goce, sai da aka sa mata ƙarfe. Tangaran ɗin mahaifiyarta, wadda ta riga ta rasu a lokacin, ko ɗaya bai tsira ba. Da ƙaramar 'yarsu tana gindinta kamar yadda ta saba, da wani labarin ake yi. Kanti suka aiko mutum ya ɗauki hoto, bayan kwana biyu suka ce an yi wa kabad lodi fiye da ƙima, garanti bai shafi wannan ba.

Daga asibiti Habibu ya kira ni. Muryarsa irin wadda na sani ce tun yana yaro in ya yi ɓarna.

"Yaya, ka faɗa min ban ji ba. Ka ce ba su san girkinmu ba. Don Allah ka yafe min, ka zo."

Abin da na yi wata bakwai ina jira ke nan, ga shi ya zo har da ƙari. Na je. Na tsaya a kicin ɗin ina kallon ramukan da na huda da hannuna, ga robobin nan a ƙasa cikin fasassun kwanuka. Habibu yana bayana yana tsine wa kanti da mai zane da wanda ya zo awo. Bai taɓa kawo wa ransa cewa mai kafawa yana da laifi ba, don mai kafawar yayansa ne, kuma a saninsa ni abin da aka ba ni a kwali na yi amfani da shi. Bakina ya buɗe zan faɗa, sai na ji kaina ina cewa ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba.

Na sake haɗa musu kicin na alminiyam cikin kwana tara, ban karɓi komai ba, na mayar da murhun ƙasa da kantar da ke tsaye da ƙafafunta, ko da yake babu abin jerawa a kai. Bayan Sallah Habibu ya tara mutanenmu na Riyad a gidansa, har da babban nan na ofishinsu. Ya miƙe a gabansu ya kama hannuna ya ce wannan yayansa ne ciki ɗaya, shi ya yi masa uba, kuma ya taɓa jin kunyar nuna shi saboda rigar aiki, yana neman gafararsa a gaban kowa. Ya yi kuka. Mutane suka yi ta sa min albarka, ana cewa samun wa irina sai an tona. Na ce na yafe, aka shafa fatiha. Abdurrahim yana wurin, a can ƙarshen tabarma. Bai tona ni ba, ranar ko bayanta, amma daga lokacin bai ƙara sa hannu a tire ɗaya da ni ba har ya koma ƙasarsu.

Juma'ar da ta biyo bayan cire mata bandeji na je cin tuwo kamar da. Aka kawo kwano, na sa hannu, na ji gudaji. Tuwon Hadiza da a da ko da fitila ba ka samun gudaji ɗaya a cikinsa. Daga bayan ƙofa ta ce in yi haƙuri da tuwon, da hagu ta tuƙa, na daman ba ya juya muciya yanzu, likita ya ce wataƙila sai a hankali. Ita ce take ba ni haƙuri. Na kora lomar da ruwa, na ce tuwo ya yi daɗi. Hannun bai dawo ba har yau, kun gan shi.

Daga ranar ban ƙara cin abinci a gidan ba. Wannan shi ne abin da kuka ɗauka riƙo ne. Ba zan iya zama in ji motsin tukunya a kicin ɗin nan ba, in san da wane hannu ake ɗaga ta. Habibu kuwa ya ɗauka maganar ɗan garinmu ce ban huce ba. Ya yi ta aike, ya yi ta waya. Ya zo warsha sau biyu, zuwa na biyu ina hango motarsa na shige bayan tarin alminiyam na ce a ce na fita, ni da furfurata. Sau uku na ɗaura niyyar zuwa in faɗa masa gaskiya, sau ɗaya har na kai ƙofar gidan na juya. Tsoron me nake ji? Ba 'yan sanda ba, ba kafili ba. Sunan nan da aka ba ni a gaban jama'a, na wa mai haƙuri da yafiya, shi na kasa ajiyewa. Na gwammace ƙanena ya kwana yana ganin kansa mai laifi da in sauko daga inda aka ɗora ni. Ina jin haushin Habibu har yau a kan abin da ya faɗa a gaban baƙon nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma shi nasa laifin na minti ɗaya ne, kuma ya tsaya a gaban mutane ya biya.

Da wa'adin aikinsa ya cika ya kwashe iyali ya koma Kano. Ban raka shi filin jirgi ba, na ce ina da aiki a wajen gari. Shekara biyu bayan nan hawan jini ya kayar da shi, kwana huɗu ya yi a asibiti. Ina Riyad aka yi jana'iza. Sai da na tattaro na dawo gida gaba ɗaya sannan na je yi wa Hadiza gaisuwa, Nura kai ka kai ni, ka tsaya a waje wurin mota. Ta sa aka shimfiɗa min darduma a falo, ta zauna daga nesa. Muka yi addu'a. Na yunƙura zan tashi sai ta ce:

"Yaya, har ya cika yana cewa ba ka yafe masa ba, baki kawai ka faɗa. Don Allah ka sake faɗa yanzu in ji da kunnena, ko hankalina ya kwanta."

Ga ni, ga ta, ba kowa a ɗakin, babu sauran wanda zan ji kunyarsa. Na ce mata na yafe masa duniya da lahira. Ta ɗaga hannuwa biyu tana yi min addu'a, na daman bai buɗe duka ba, ta ce Allah ya biya ni da gidan Aljanna.

Habibu ya wuce inda ba zan same shi ba sai ranar da za a tsayar da mu. Hadiza kuwa tana nan da ranta, tafiyar awa biyu daga inda nake zaune. Ba na so a karanta mata wannan, ba na so ta ji a bakin kowa. Bilki, ke kike zuwa gidanta. Ranar da kika gama karanta babin nan ki zo ki ɗauke ni ki kai ni, ki zauna a ɗakin har in gama faɗa. In na ce miki ƙafata tana ciwo, ko na ce a bari sai bayan Sallah, kada ki saurare ni.